Ragowar Likkafani

Har yanzu in na bi ta layin 'yan gwanjo a kasuwar Azare na tarar ana kwance dila, sai in ja mayafina in rufe hanci, ko da kayan ba sa wari. Hancina ne bai manta da buhunan da muka riƙa kwancewa a tsohon siton gyaɗa ba, shekarar da nake aji uku a ƙaramar sakandare.

Wani ɗan kasuwa ne ya ba wata ƙungiya ta mutanen gari aron siton, don ta riƙa sauke waɗanda ba su da wurin kwana. Da can tsofaffi ne kawai 'yan kaɗan a ciki, marasa kowa. A daminar nan kogi ya cika ya ci gidaje a wajen Katagum, sai siton ya cika maƙil. Aka raba shi biyu da zana, maza a gaba, mata da yara a baya. Malamar da ke koya mana girki da ɗinki 'yar ƙungiyar ce. Wata rana ta shigo aji ta ce tana neman 'yan mata da za su riƙa taimakawa ranar Asabar, ta ƙara da cewa aikin na hannu ne, babu magana a ciki. Wannan ne ya sa na ɗaga hannu. Ni a lokacin ko suna aka kira a aji da ƙyar nake amsawa.

An yi sanarwa a masallatai da gidajen biki cewa duk mai tufafin da ba ya sawa ya kawo. Aka kuwa kawo. Direbobin manyan gidaje ne ke sauke buhunan a ƙofar sito, su kakkaɓe hannu su ce, “Hajiya ta ce a sa ta a addu'a.” Aikinmu shi ne mu kwance, mu ware. Masu kyau gefe guda, masu buƙatar wanki gefe guda, na ƙonawa can bayan sito.

Ban taɓa sanin haka mutane suke ba sai da na sa hannu cikin buhunansu. Akwai singileti da hammatarta ta yi rawaya ta ƙame kamar ganda. Akwai zanen goyo da kashin jariri ya bushe a jikinsa, an naɗe shi a haka, an ɗaure, an aiko. Na sa hannu a aljihun wata riga na taɓo tukar goro da aka tauna aka tofa a takarda. Takalmi ƙafa ɗaya. Wando babu zariya, gaba ya yi taswirar fitsari. Kashin ɓera yana zuba daga lanƙwasar mayafi kamar baƙar shinkafa. Wani buhun da muka buɗe kyankyasai suka watsu, ɗaya ya hau hannuna har gwiwa, ban iya ihu ba, na tsaya kawai ina jin ƙafafunsa.

Ƙawata da muke zama benci ɗaya ita ba ta da irin ciwona, bakinta ba ya hutawa. Da kara take ɗago kaya.

“Ke, zo ki ga guzurin Aljanna,” in ji ta, ta ɗaga wani ɗan tofi da ya yi baƙi ƙirin. “Wannan in aka ɗora shi a mizani, warin kaɗai ya isa ya rinjayar.”

Sakatariyar ƙungiya, wadda muke kira Anti, ta ɗago kai daga wayarta. “Ku kama bakinku ku yi aiki. Wasu ko wannan ba su aiko ba.”

“Allah ya saka musu da alheri da ba su aiko ba,” ƙawata ta ce ƙasa-ƙasa.

Akwai doka ɗaya da Hajiya shugabar ƙungiya ta kafa: ba za a raba ko ɗankwali ba sai ranar taron gidauniya, ranar da za a gayyato masu kuɗin gari su zo su yi alkawarin taimako. Kaya masu kyau a ɗaure su a kai gidanta. Waɗanda muka wanke su ma a ninke a ajiye. Ta ce in aka ba mutum ɗaya yau, gobe sito zai kama da faɗa. Wannan kam gaskiya ne. Amma na kuma ji ta tana ce wa Anti tana son tulin kaya ya yi tsayi a kan tebur ranar taro, ya cika ido.

A cikin matan da ruwa ya koro akwai wata tsohuwa Bafulatana daga wata ruga kusa da Katagum, kowa Goggo yake ce mata. Siririya ce, tana zama kusa da ƙofar baya inda muke aiki, ta miƙe ƙafafu, ba ta kallon buhunan ko kaɗan. Da zane ɗaya ta fito. Ruwan da ya ci gidansu ya bi ta garken shanu da masai kafin ya iso ɗakinta, ta ratsa shi har ƙugu. Zanen ya bushe a jikinta, ya yi tauri, in ta motsa sai ya yi ƙara kamar takarda. Ba ta iya wanke shi ba, don babu abin da za ta ɗaura kafin ya bushe, ga maza a bayan zana.

Abin da na lura da shi shi ne lokacin salla. Da an kira azahar ita ce ta farko wajen buta. Ta yi alwala a natse, ta goge tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta zo ta tsaya ta fuskanci gabas, ta kamo gefen zanen ta kai hanci, ta saki. Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta koma lungu, bayan tarin tabarmi, ta yi sallar a gaggauce kamar mai sata.

Malama ta taɓa ce mata, “Goggo, ai lalura ce. Sallarki ta yi, malamai sun faɗa.”

“Sun faɗa,” in ji Goggo. Hausarta tana da karin Fillanci, tana jan ƙarshen magana. “Amma ba su ne ke shaƙa ba in na yi sujada.”

Malama ta kawo mata zanenta daga gida a ɓoye cikin jaka. Goggo ta dubi sauran matan da ke zaune cikin irin halinta, ta mayar mata. “Ni kaɗai? Da wane ido zan dube su?”

Wata Asabar na kai ƙarshen wani buhu, bayan tsummoki da safa, sai hannuna ya taɓa abu mai santsi da sanyi. Na jawo. Farin alawayyo ne, sabo fil, a ninke da kyau, ko tabo babu. Tun da muka fara aikin ban ga abu mai tsabta irinsa ba. Na buɗe shi. Gefe ɗaya an yanke shi da hannu, zare na lilo. Yana ƙamshin kafur.

Ƙawata ta leƙo, ta yi tsalle baya har ta taka buta.

“Wayyo Allah! Yar da shi! Likkafani ne!”

Na sake shi ya faɗi a kan ƙafata. Anti ta taso ta duba daga nesa, hannunta a ƙirji. Ta ce ragowa ce, an yi wa wani mamaci sutura abin da ya rage aka cusa a buhu, don ba a son ganinsa a gida. “Amma mutane ba su da ta-ido. Wa za a ba wannan? A ɗora shi a tebur gaban baƙi? Ɗauki kara ki kai shi na ƙonawa.”

Na ɗauka da hannu, don na ga bai dace a ja shi a ƙasa ba. Hanyar bayan sito ta gaban Goggo take. Ina wucewa ta ce, “Ɓingel am.” Haka take kiran kowane yaro, wato ɗana ko 'yata. “Miƙo in gani.”

Ta shafa shi da tafin hannu. Ta auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, tana motsa leɓe. Ta kai shi hanci, wannan karon ba ta yi saurin saki ba.

“Ƙonawa za a yi?”

Na gyaɗa kai.

“To ba ya cikin na rabo ke nan. Babu mai so?” Ta ɗaga shi ta juya wajen matan. Duk suka kawar da kai, wata ta ja ɗanta jikinta tana a'uziyya. Goggo ta yi dariya, ranar na fara ganin haƙoranta, guda nawa ne kawai. “Nawa yana cikin adaka, na saya da kuɗin man shanu tun ina da ƙarfi. Ruwa ya tafi da shi. Kin ga Mai abu ya aiko da wani.”

Malama ta ara mata allura da zare. Ta raba alawayyon biyu, babba na ɗaurawa, ƙarami na yafawa, ta kalmashe bakin da ɗinki ƙanana a jere. Matan suka kare ta da tabarma ta yi wanka. Da aka kira la'asar ta fito tsakiyar wuri, ba lungu ba, ta shimfiɗa buhu ta tayar da salla. Ina ninke kaya ina satar kallonta. Diddigenta ya tsattsage, amma an goge shi da dutse har ya yi ja. Ta daɗe a sujada sosai, har ƙawata ta taɓa ni ta ce, “Anya ba ta cika ba kuwa? Ga ta a shirye.”

Tsohon zanen ta wanke shi sau da yawa, ta yayyaga, ta ba wata mai jego ta yi wa jariri ƙunzugu.

Ana gobe taro aka ce mu zo da yamma mu share fili. Hajiya shugaba ta iso da kanta. Babbar mace ce mai fara'a, kuma ba zan ɓoye ba, abincin da ake ci a siton rabinsa daga aljihunta yake fita. Ta tara matan ta yi musu bayani da murya mai taushi, kamar mai lallashin yaro. Gobe kowa ya zauna da kayan da ya zo da su. Kada a wanke wa yara fuska, kada a shafa musu mai. Kada a yi kitso. “Masu kuɗin nan sai sun gani da ido suke sakin hannu. Don ku ake yi.” Wata mata da ta kwashe yini tana tsefe kan 'yarta ta dubi kan, ta dubi ƙasa.

Sai idon Hajiya ya faɗa kan Goggo.

“Inna lillahi! Wa ya ba ta wannan?”

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

“Goggo, haba Goggo. Ina zanenki na da?”

“Yana gindin jariri.”

Hajiya ta juya ta gan ni da tsintsiya. “Ke 'yar makaranta, je cikin waɗanda ba a wanke ba ki ɗauko mata zane. Wanda ya ji jiki. Wannan kuma a karɓa a ƙona, ba na son ganinsa.”

Na je. A saman tulin akwai wani zanen goyo, atamfa mai zanen ganye shuɗi da ja, yana zarni tun daga nesa. Na tono ƙasa ko zan sami mai dama-dama, babu. Na kawo shi riƙe da yatsa biyu, idona na ƙasa. Goggo ba ta karɓa ba. Ta gyara yafenta, ta dubi Hajiya a hankali.

“Hajiya, ke da kika je Makka. Kin taɓa ganin an sa wa mutum wannan tufa, aka dawo aka tuɓe masa?”

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki.

“Ni ba zan cire ba,” in ji Goggo. “In akwai mai cirewa, ga ni.” Ta buɗe hannuwa.

Hajiya ta dubi Anti. Anti ta duba wayarta. Babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Ashe duk wanda ya ce a karɓa ba ya iya taɓawa. Daga ƙarshe Hajiya ta yi tsaki ta ce to gobe ta zauna cikin sito bayan zana, kada ta kuskura ta leƙo har baƙi su watse.

Washegari aka kafa rumfuna a gaban sito, aka jera kujerun roba, aka ɗaura lasifika a jikin dalbejiya. Kayan da muka ware masu kyau aka tula a kan tebur, aka sa kwalaye a ƙarƙashi don tulin ya ƙara tsayi. Mu 'yan makaranta muka sa yunifom, aka ba ni faranti in riƙa zagawa da lemo. Mutanen sito kuwa aka shimfiɗa musu tabarmi a waje da rumfa, a rana, inda kowa zai gan su. Ƙudaje suka taru a idon yara, iyayensu ba su san ko an yarda su kora ba.

Baƙi suka zo cikin shadda da leshi, turare ya gauraya da zarni ya zama wani abu da ya fi kowannensu muni. Mata suna danna hankici a hanci da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗaukar hoto. Ina miƙa wa wata lemo na ga ɗankwalin da ta ɗaura wa jakarta, ganye shuɗi da ja, irin zanen goyon jiya sak. Wataƙila anko ne da rabin gari suka yi. Amma na kasa daina kallon zobban hannunta, ina tunanin ko su ne suka ɗaure buhun.

Taron bai yi armashi ba. Mai gabatarwa, wani saurayi mai zaƙin baki da ake ɗauka a bukukuwa, ya yi kirari har muryarsa ta dushe, alkawura na fitowa ɗaya-ɗaya kamar ana cire ƙaya. Wasu har sun fara duba agogo. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ya ce a ɗan yi haƙuri a ƙarasa.

Goggo ba ta san da ƙarasawa ba. Durom ɗin ruwa yana waje, gefen babban tebur. Sai ga ta ta fito daga duhun sito da buta a hannu, fara fat daga kai har idon sawu, tana tafiya a hankali.

Wata Hajiya a layin gaba ta saki kwalbar lemo ta zube mata a cinya. Wani yaro ya fasa kuka. Na ga shugaba ta rufe ido. Goggo ta ɗebi ruwa ta tsuguna ta yi alwalarta, yatsa bayan yatsa, ta shimfiɗa buhu a gefen rumfa ta kabbara.

Anti ta raɗa wa mai gabatarwa wani abu a kunne. Na ɗauka zai ce a kashe lasifika. Sai na ga fuskarsa ta washe.

“Jama'a! Jama'ar Annabi, ku duba!” Ya nuna ta da hannu. “Uwarmu ce wannan! Rashi ya sa ta ɗaura likkafani da ranta! A garin nan, muna raye, muna cin shinkafa! Alhaji, za ka bari? Hajiya, za ki iya barci yau?”

Kujeru suka yi ƙara. Mutane suka taso da wayoyi suka kewaye ta. Tana ruku'u suna ɗauka. Ta yi sujada, wani ya durƙusa ya kai wayarsa kusa da ƙasa don ya samu fuskarta. Wata mata tana kuka da gaske, hawaye na wanke mata hoda, tana ce wa ƙawarta, “Matsa, kina tare min.” Alkawura suka riƙa zuba, wannan ya faɗa wancan ya ɗora, mai gabatarwa na ihu da sunayensu. Babu wanda ya tuna shi ma bai yi la'asar ba.

Ni ina tsaye da faranti. Na ajiye farantin a ƙasa na zaga bayan sito, wajen tokar tsummokin da muka ƙona, na tsuguna har hayaniyar ta lafa. Shinkafar da aka ba mu a roba da aka tashi, na ba ƙawata. Ita ma ba ta yi barkwanci ba ranar.

Da kuɗin taron aka gyara rufin sito, aka haƙa masai biyu, aka sayi katifu. Na ga wannan da idona, kuma na ga yara sun daina kwana a jiƙe. An raba kaya. Goggo ta sami atamfa mai kyau, babban baƙo ne ya miƙa mata, aka sa ya sake miƙawa don hoton farko bai fito ba.

Asabar ta gaba na same ta a wurin zamanta cikin atamfar. Alawayyon ta wanke shi, ta ninke, ta naɗe a leda ta cusa ƙarƙashin sabuwar katifarta. Ina shara Anti ta zo ta durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

“Goggo, ina wuni. Hajiya na gaishe ki da kyau. Ta ce wasu baƙi za su zo daga Bauchi, sun ga hotonki. Ko za ki daure ki ɗaura farin nan, na ɗan lokaci kaɗan?”

“Wanda za a ƙona?”

Anti ta yi murmushin yaƙe. “Ai wannan ya wuce.”

Goggo ta dube ta ta ce:

“Ki gaishe ta. Ki ce mata sau ɗaya ya rage in sa shi. In tana so, ranar ta zo da masu hoton.”

Anti ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta fita. Goggo ta kamo gefen atamfar ta kai hanci, kamar yadda ta saba, ta saki. Ladan ya fara kiran azahar. Ta miƙo min buta.

“Ɓingel am, cika min.”